Namiji da Ta-mace: Abin da Masana Suka Koya Daga Jikin Ɓera

Me ke sa wani ɗan tayi ya fito namiji, wani kuwa ya fito mace, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya? Wannan tambaya tsohuwa ce, amsarta kuwa tana da nauyi a zaman jama'a. A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ba a rasa gidan da a ke ɗora wa mace laifi don ta jera 'ya'ya mata uku ko huɗu, har dangin miji su fara zancen a nemo wadda za ta haifa masa magaji. Haka kuma wani lokaci a kan haifi jinjiri wanda ungozoma ta kasa faɗin namiji ne ko mace, iyaye su ɓoye shi don kunya, alhali kuwa watakila ransa na cikin haɗari. Masana sun yi fiye da shekara ɗari suna bin diddigin wannan al'amari, mafi yawan abin da suka gano kuwa daga jikin ɓera suka gano shi. Nufin wannan takarda shi ne a jera abin da aka tabbatar cikin Hausa sosai, domin ilmin da ba a iya faɗinsa da harshen mutane ba ya shiga gidajensu.

Jinsin nahawu da jinsin halitta

Kafin mu shiga cikin maganar, sai mu share wani ruɗani da ke cikin harshe. Kalmar jinsi aro ce daga Larabci, muna kuwa ɗora mata kaya uku. Mu kan ce jinsin mutane ko jinsin dabbobi, watau iri. Mu kan ce jinsin maza da jinsin mata. A nahawu kuma mu kan ce suna kaza jinsin namiji ne, suna kaza jinsin ta-mace. Jinsin nahawu ka'idar harshe ce, babu ruwansa da halittar jiki. Rana mace ce, wata namiji ne, sunayen garuruwa mata ne, shi ya sa mu ke cewa Jega ta cika ran kasuwa. Giwa da kura da jaɓa sunayen mata ne, ko da ya ke kowa ya san da maza a cikinsu. Ɓera kuwa sunan namiji ne duk da ya ƙare da wasalin a, don haka mu ke cewa ɓeran gida. Haka abin ya ke ga kusu, wanda shi ne sunan da mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi suka fi kiransa da shi.

Amma ga wani abin lura. Duk dabbar da Bahaushe ya ke kiwo, ko ya ke hulɗa da ita ƙut da ƙut, ya kan ba namijinta suna dabam, macen suna dabam: rago da tunkiya, bunsuru da akuya, sa da saniya, doki da goɗiya, zakara da kaza, muzuru da kyanwa. Har ma ya ware suna na uku ga namijin da aka dandaƙe, kamar taure. Wannan ya nuna tun da daɗewa makiyaya sun gane cewa mazantakar dabba aba ce da a ke iya ragewa in an taɓa wani wuri a jikinta. Ɗan ɓera bai sami irin wannan gata ba, sai dai mu ce namijin ɓera da macen ɓera. Za mu riƙa cewa haka nan gaba.

Kalmomi uku da za a riƙe

Jikin kowace dabba an gina shi da 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai waɗansu abubuwa masu kama da zare, Turawa na kiransu kuromosom, mu kuwa za mu ce zaren gado, domin a jikinsu ne a ke ajiye abin da ɗa ke gada daga iyaye. Tare da tsawon kowane zare akwai wurare dubbai, kowane da umurnin da ya ke ɗauke da shi, kamar ƙulle-ƙulle a jikin igiya. Kowane ɗaya za mu kira shi ƙullin gado. Na uku shi ne homon, watau wani sinadari da wata gaɓa ke yi ta zuba cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓa can nesa ya isar da saƙo. Shi za mu kira ɗan aike. Maganarmu duka a kan yadda zaren gado da 'yan aike suka raba aiki ce.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ɓera

Manomin da ɓeraye suka fasa wa rumbun gero ya riga ya san dalili na farko, watau saurin yaɗuwa. Macen ƙaramin ɓeran gida ta kan yi kwana 19 zuwa 21 da ciki, ta haifi 'ya'ya shida ko takwas, su kuma cikin mako shida zuwa takwas sun isa haihuwa. Abin da za a jira shekara ashirin kafin a gani ga mutum, sai a gan shi ga ɓera cikin wata uku. Dalili na biyu kusancin halitta: da aka gama karanta ƙulle-ƙullen gadon ɓera a shekarar 2002, an tarar kamar kashi 80 cikin ɗari kowane yana da takwaransa guda a jikin mutum. Tun 1909 wani Ba'amurke, Clarence Little, ya fara haɗa ɓeraye 'yan uwa ciki ɗaya har zuriya ta zama kamar an buga ta da hatimi guda, a 1929 kuma ya kafa gidan kiwonsu mai suna Jackson a jihar Maine. Irin waɗannan a ke gwaji da su. Ba iri ɗaya ba ne da ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, sai dai duk mu kan ce musu ɓera.

Zaren X da zaren Y

Mutum yana da zaren gado 46, an kuwa tabbatar da wannan adadi a 1956. Ƙaramin ɓeran gida yana da 40. Zaren suna tafiya biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Duk sun yi daidai tsakanin namiji da mace sai guda biyu. Mace tana da dogaye biyu iri ɗaya, a na ce musu X da X. Namiji yana da X ɗaya, da wani ɗan guntu a na ce masa Y. Wata malama Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ita ta bayyana wannan a 1905 sa'ad da ta ke duban ƙwayoyin wani ƙwaro mai cin gari. A wannan shekarar Edmund Wilson ma ya kai ga irin wannan sakamako.

To, ga inda maganar ta shafi gidajenmu. Sa'ad da jiki ke yin ƙwan haihuwa, rabin zaren a ke sa masa. Tun da ya ke mace X biyu gare ta, kowane ƙwai nata X ya ke ɗauke da shi, babu yadda za ta ba da wani abu dabam. Ƙwayoyin maniyyin namiji kuwa sun kasu biyu, rabi masu X, rabi masu Y. In mai X ta riski ƙwai, ɗa ya zama XX, mace ke nan. In mai Y ce, ya zama XY, namiji ke nan. Ashe abin da ke rarrabewa daga wajen uba ya ke fitowa, shi ma uban ba shi da ikon zaɓi a ciki.

An daɗe ba a san ko ƙarancin X ne ke yin namiji ko kuwa kasancewar Y ba. A 1959 aka warware. Welshons da Russell a Amurka sun sami ɓera mai X ɗaya tilo babu Y, suka ga mace ce. A wannan shekarar kuma likitoci a Birtaniya suka nuna mutum mai XXY namiji ne, mai X ɗaya tilo kuwa mace. Aka tabbata Y ne ke ɗauke da umurnin.

Ƙullin da ke buɗe hanya

Sauran aiki shi ne a gano wane ƙulli ne a jikin Y. An yi shekara talatin a na nema. A 1990 ƙungiyoyi biyu a London, ta Peter Goodfellow da ta Robin Lovell-Badge, suka nuna wani ɗan ƙulli da aka sa wa suna Sry. Shekara ta zagayo, a 1991, Peter Koopman da abokan aikinsa suka ɗauki wannan ƙulli shi kaɗai suka cusa cikin ƙwan ɓera mai XX, wanda da mace za a haifa. Da aka haife shi sai ga namiji, da maraina da gaban maza, yana kuma bin mata kamar kowane namijin ɓera. Iyaka dai ba ya haihuwa, domin yin maniyyi yana bukatar waɗansu ƙulle-ƙulle na Y da ba shi da su.

Ga yadda abin ke gudana a ciki. Har wajen kwana goma da ɗaukar ciki, tayin namiji da na mace ba su da bambanci ga ido. Kowane yana da wata 'yar tsoka biyu kusa da ƙoda wadda ba ta zama kome ba tukuna, da bututu iri biyu, na maza da na mata. Tsakanin kwana 10 da rabi zuwa 12 da rabi, Sry ya kan farka, ya ta da wani ƙulli mai suna Sox9, sa'an nan ya koma ya yi shiru. Sox9 ne ke ci gaba da aikin har 'yar tsokar ta zama maraina. In babu Sry, waɗansu ƙulle-ƙulle, irin su Wnt4 da Rspo1 da Foxl2, su ke kama ragama, su mai da ita gidan ƙwai. Da can a na tsammani zama mace shi ne abin da ke faruwa in ba a yi kome ba. Yanzu an san ita ma hanya ce mai ma'aikatanta. Har ma an gano ɓangarorin biyu ba su daina ja-in-ja ba har girma. A 2009 masana a Heidelberg ta Jamus suka kashe Foxl2 a jikin baligar ɓera, sai ƙwayoyin gidan ƙwanta suka fara rikiɗa irin na maraina. A 2011 waɗansu a Minnesota suka cire Dmrt1 daga marainan namiji, suka ga akasin haka.

Aikin 'yan aike

Da zarar maraina ko gidan ƙwai sun kafu, sai 'yan aike su karɓi mafi yawan aikin. A nan ilmin mai kiwo ya riga na likita. Kowa ya san in aka dandaƙe ɗan akuya tun yana ƙarami, ba ya yin warin bunsuru, ba ya bin awaki, sai ya kwanta ya yi ƙiba. Abin da mai dandaƙa bai sani ba shi ne ta wace hanya maraina ke mulkin sauran jiki. Arnold Berthold ya nuna wannan a Gottingen a 1849. Ya fiɗiye 'yan zakaru, sai zankonsu ya ƙi girma, suka ƙi cara, suka ƙi faɗa. Waɗansu kuma ya mayar musu da ɗan maraina guda cikin ciki, tsakanin hanji, sai suka tashi zakaru sosai. Da ya yanka ya duba, ya tarar jijiyoyin jini kaɗai suka kama marainan. Ya gane cikin jini saƙon ke tafiya. An ware wannan ɗan aike a 1935, aka sa masa suna testostiron. A 1947 Elizabeth Beeman ta nuna namijin ɓeran da aka fiɗiye ya kan bar faɗa, in aka ba shi testostiron ya koma ga halinsa.

A wannan shekara ta 1947 Alfred Jost a Faransa ya yi wani aiki mai wuya. Ya yi wa tayin zomo tiyata tun yana cikin mahaifa, ya cire 'yar tsokar nan da wuri, sai kowane tayi ya tashi da mahaifa da gaban mata, ko XX ne ko XY. Ya kuma gano marainan tayi 'yan aike biyu su ke turawa: testostiron, mai raya bututun maza da gina gaba, da wani na biyu mai shafe bututun da zai zama mahaifa. A jikin ɓera testostiron har tushen nono ya ke kashewa tun a ciki, shi ya sa macen ɓeran gida ke da kan nono goma, namiji kuwa ba shi da ko ɗaya.

Ɗan aike kuma ba ya amfani sai an buɗe masa ƙofa. A 1970 Mary Lyon da Susan Hawkes suka ba da labarin waɗansu ɓeraye masu XY, da maraina a ɓoye cikin ciki suna yin testostiron, amma surarsu ta waje ta mata ce sarai, domin ƙwayoyin jikinsu ba su da makarɓin da ke jin saƙon. A kan sami irin wannan ga mutane.

Lokacin zuwan ɗan aike shi ma abin lura ne. A 1959 Phoenix da Goy da Gerall da Young, a Jami'ar Kansas, suka ba ɓerayen Masar masu ciki testostiron. 'Ya'ya matan da aka haifa, da suka girma, sai halinsu na barbara ya karkata wajen na maza. Daga nan aka raba aikin 'yan aike gida biyu. Akwai na gini, wanda a ke yi tun a ciki ko dab da haihuwa, ba ya kuwa warwaruwa. Akwai kuma na tashi, wanda ke zuwa bayan balaga, ya kan tafi in an janye ɗan aiken. Kamar ɗaki ne: maginin ya yanke inda ƙofa za ta fuskanta tun ran aza harsashi, amma kunna fitila da kashe ta aikin kullum ne. Wani abin mamaki ga ɓera shi ne, in testostiron ya shiga ƙwaƙwalwar jinjiri, sai a juya shi ya koma istirojin, wanda a ke ce wa ɗan aiken mata, wannan kuwa shi ke gina halin maza a can. Saboda haka kiran ɗaya na maza ɗaya na mata sauƙaƙe magana ne kawai, kowane jinsi yana da duka biyu, yawansu da lokacinsu ne suka bambanta.

Masu shanu suna da shaida a garkensu. In saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, kamar tara cikin goma macen ba ta haihuwa. Frank Lillie ya bayyana dalili a 1916: jijiyoyin jinin tagwayen su kan haɗu a mahaifa, abin da ke jinin ɗan maraƙin ya tsallaka ya taɓa 'yar uwarsa. Ga ɓera ma an ga ɗan alamar haka, domin macen da ta kwanta tsakanin maza biyu a mahaifa ta kan fi 'yan uwanta faɗa.

Ɓeraye iri huɗu

Bayan duk wannan sai masana da yawa suka ɗauka aikin X da Y ya ƙare da zarar an yi maraina ko gidan ƙwai. Amma kowace ƙwaya a hanta, da ƙashi, da ƙwaƙwalwa, tana nan da XX ko XY nata har mutuwa. Shin wannan ba ya yin kome? Wuyar gwajin ita ce, a halitta XY da maraina tare su ke tafiya, XX da gidan ƙwai tare. Misali, manomin Aliero da ya shuka wani irin albasa a fadama, wani iri kuma a tudu, in na fadama ya fi kyau ba shi da hanyar sanin iri ne ko ƙasa. Sai ya yanka fili huɗu, ya shuka kowane iri a kowace ƙasa.

Haka Paul Burgoyne da Lovell-Badge a London, da Arthur Arnold a Los Angeles, da abokan aikinsu suka yi, aka buga sakamakon farko a 2002. Sun yi amfani da ɓeran da aka cire Sry daga Y ɗinsa aka dasa shi a wani zare dabam. 'Ya'yansa sun fito iri huɗu: XX mai gidan ƙwai, XX mai maraina, XY mai gidan ƙwai, XY mai maraina. Duk bambancin da ya bi maraina, na 'yan aike ne. Wanda ya bi XX ko XY kuwa, na zaren gado ne.

Sakamakon ya nuna 'yan aike ne ke da kaso mafi girma, musamman a sha'anin barbara da surar jiki. Amma zaren ma suna da nasu. A 2008 aka nuna masu XX sun fi shan wuya da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. A 2012 aka nuna in an cire maraina da gidan ƙwai duka, masu XX sun fi tara kitse, yawan X ne kuwa sanadi. A 2019 aka nuna masu XX sun fi jure tsufa, ko da wace gaɓa su ke ɗauke. Sai dai a 2024 an gano a waɗansu zuriyoyin waɗannan ɓeraye wani guntun X ya manne a jikin Y ba da sanin kowa ba, cikinsa har da ƙulle-ƙullen da suka shafi garkuwar jiki, don haka ya wajaba a sake auna waɗansu sakamakon.

Yadda mace ke yi da X biyu

Zaren X babba ne, yana ɗauke da ƙulle-ƙulle wajen dubu, galibinsu ba su shafi haihuwa ba. In mace ta yi aiki da duka biyun, saƙon zai ninka na namiji. A 1961 Mary Lyon, tana duban dabbare-dabbaren gashin ɓeraye mata a Harwell ta Ingila, ta gane cewa tun tayi na ƙarami kowace ƙwaya ta kan naɗe X guda ta ajiye, wata ta naɗe na uwa, wata na uba. Jikin mace ya zama kamar zane mai launi biyu. Mai karatu na iya ganin wannan a tsakar gida: kyanwa mai baƙi da ja haɗe, kusan kullum mace ce, da wuya ƙwarai a sami muzuru mai wannan launi, domin ƙullin launukan nan a jikin X ya ke. Amma naɗewar ba ta cika ba. Ga mutum kamar kashi 15 cikin ɗari na ƙulle-ƙullen ko fiye su kan kuɓuce su ci gaba da aiki, ga ɓera kuwa kaɗan ne, wajen kashi 3 zuwa 7. Waɗannan masu kuɓucewa su a ke zato da yawancin bambancin da aka gani tsakanin XX da XY.

Wannan ya bayyana wani abu da likitocinmu ke gamuwa da shi. Akwai wani rashi na gado a jini da a ke kira G6PD, ya kuwa yawaita a Afirka ta Yamma. Mai shi in ya sha waɗansu magunguna, kamar firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, jajayen ƙwayoyin jininsa su kan farfashe. Ƙullin a jikin X ya ke, don haka ya fi kama maza, su da ba su da X na biyu da zai rufa musu asiri. Da wannan rashi ne Ernest Beutler ya nuna a 1962 cewa abin da Lyon ta faɗa game da ɓera haka ya ke ga 'yan Adam. Amosanin jini kuwa ba a jikin X ya ke ba, shi ya sa ya ke kama maza da mata daidai.

Ba duk dabbobi ke bin wannan hanya ba

Kada mai karatu ya ɗauka ka'idar X da Y ta game halitta duka. Ga kaji da sauran tsuntsaye abin a juye ya ke, zakara ke da zare biyu iri ɗaya, kaza ke da mabambanta, don haka daga ƙwan kaza rarrabewar ke fitowa. Kada kuwa zafin ramin da aka binne ƙwai a ciki ne ke yanke hukunci. Ko cikin dangin ɓera akwai mai fita zakka. Wani ɗan mitsitsin ɓeran daji da ke yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, masana na kiransa Mus minutoides, a 2010 Frederic Veyrunes da abokan aikinsa suka nuna cewa a Afirka ta Kudu da yawa cikin matansa XY gare su, suna kuwa haihuwa lafiya lau, domin X ɗinsu yana da wani abu da ke danne umurnin Y.

Amfanin wannan ilmi da iyakarsa

Amfani na farko a gida ne. Macen da ta jera 'ya'ya mata ba ta da abin da ta yi, ba ta kuma da abin da za ta sha ko ta ci ta sauya. Kowane ciki kamar sabon jefa kwabo ne, bai san abin da ya wuce ba. Sakin mace ko muzguna mata kan wannan zalunci ne da ba shi da tushe.

Na biyu, jinjirin da aka haifa ba a tantance gabansa ba, wanda mutane ke kira mata-maza. Malaman fiƙihu sun daɗe da saninsa, har Muhtasar ta yi maganar rabonsa a babin gado. Sanadin da ya fi yawa ga jinjiri mai XX shi ne waɗansu 'yan ƙululai bisa ƙoda da ke zuba 'yan aike irin na maza fiye da kima tun a ciki. Da yawa cikin irin waɗannan jarirai gishirin jikinsu ya kan zube, su mutu cikin makonnin farko in ba a ba su magani ba, maganin kuwa akwai shi. Saboda haka abin yi shi ne a garzaya da shi babban asibiti a Birnin Kebbi ko Sakkwato tun kafin suna.

Na uku, magani. An daɗe masu bincike suna gwaji da mazan ɓeraye kaɗai. Wani ƙidaya da Beery da Zucker suka buga a 2011 ya nuna a fannin ƙwaƙwalwa binciken da aka yi da maza kaɗai ya ninka na mata kaɗai fiye da sau biyar. A 2015 masana a Montreal suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwa da ke rura daɗaɗɗen ciwo a jikin namijin ɓera dabam su ke da na mace. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta rage wa mata rabin adadin wani maganin barci mai suna zolpidem, a 2016 kuma hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta sharɗanta wa masu neman kuɗinta su riƙa lura da jinsi a gwaje-gwajensu. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, in sun zo gwada saiwoyi da ganyayen gargajiya a jikin ɓeraye, ya kamata su haɗa maza da mata, su kuma rubuta sakamakon kowane dabam.

Iyakarsa kuwa ita ce ɓera ba mutum ba ne. Juya testostiron zuwa istirojin da ke gina ƙwaƙwalwar namijin ɓera ba shi da wannan matsayi ga mutum. Bambance-bambancen da a ke aunawa kuma galibi na matsakaici ne, a kan sami macen da ta fi maza da yawa a abin da a ke cewa na maza ne. Wanda ya ɗauki faɗan ɓeraye cikin keji ya kafa hujja da shi kan wanda ya cancanci karatu ko sana'a, ya ɗora wa ɓera kayan da ba nasa ba.

Saura aikinmu mu masu nazarin harshe. Zaren gado, da ƙullin gado, da ɗan aike, shawara ce aka kawo, masu koyarwa da ma'aikatan asibiti su za su gwada su ga ko sun zauna a baki. Akwai kuma kalmomi masu yawa a bakin makiyaya, da mahauta, da ungozomomi, da masu ɗorin Aliero, na gaɓoɓin ciki, da na dandaƙa da fiɗiya, da na dabbar da ba ta haihuwa, waɗanda ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara waɗansu, sauran kuwa suna nan ba a rubuta ba. Ya kamata ɗalibanmu na ƙasar Kabi su shiga kasuwar dabbobi ta Jega da rugage na kewayen Maiyama su rubuto su, tare da yadda a ke furta su da jimlolin da a ke sa su ciki, kafin mu ƙaga sabuwar kalma ga abin da ya riga ya sami suna.